Suna a Jikin Allo Bai Isa Karramawa Ba

Kwanakin baya ina cikin keke napep a Zariya, sai wata dattijuwa ta ce wa direban ya sauke ta a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Wani saurayi da ke zaune kusa da ni, wanda katin da ya rataya a wuya ya nuna ɗalibin babbar makaranta ne, ya tambaya ko wannan Gambo Sawaba wani attajiri ne da ya gina asibitin da kuɗinsa. Direban ya ce shi dai yana jin wani tsohon gwamna ne. Dattijuwar tana kunce bakin zanenta za ta biya kuɗi ta ce, "Ɗana, ai mace ce," ta sauka ta bar mu.

Ban ga laifin saurayin ba, haka ma direban, domin babu wanda ya taɓa gaya musu. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka ɗauka cewa da zarar an rubuta sunan mutum a jikin allo an kafa a ƙofar wani gini, to an gama biyan sa haƙƙin shekarun da ya ƙarar yana yi wa jama'a hidima. Ga shi a garin da matar nan ta rayu ta rasu, a bakin ƙofar da ke ɗauke da sunanta, mutum biyu cikin huɗu ba su san ko namiji ce ko mace ba.

Matsayina a kan wannan batu shi ne, ɗan siyasar da ya ƙarar da rayuwarsa a cikin jama'arsa, a mazaɓa da unguwa da ƙaramar hukuma, ya cancanci a karrama shi, kuma mun yi sakaci ƙwarai wajen yin hakan. Sai dai sanya suna bayan mutuwa shi ne mafi arha daga cikin abin da ya hau kanmu. Karramawar da ta amsa sunanta ita ce wadda aka yi tun mutum yana da rai bayan ya sauka daga kujera, aka gina ta a kan aikin da za a iya nunawa da yatsa, aka kuma adana labarinsa yadda na baya za su same shi. Na san akwai masu ja da kowane ɓangare na wannan magana, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da ƙarfi.

Matar da sunanta ke jikin allon

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne da ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. Ta rasa iyayenta tana ƙarama, karatunta ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13. Tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU a reshen Zariya, a lokacin da shiga NEPU a ƙasar sarki yake nufin mutum ya sayi rigima da En'e da 'yan doka da kotun alƙali gaba ɗaya, kuma ba a daɗe ba ta zama jagorar matan jam'iyyar.

Abin da ta riƙa faɗa a wuraren lacca ba baƙon abu ba ne a kunnen mai sauraro na yau: a daina aurar da yara ƙanana, a daina aikin tilas, a sassauta haraji, a sa 'ya'ya mata a makaranta, a bar mata su jefa ƙuri'a. A wancan zamani kuwa kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana iya kai mutum gidan yari. Masu tarihinta sun ƙirga cewa sau 16 aka ɗaure ta. An yi mata duka, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, an kore ta daga Kano. Ta yi tattaki har Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda matan can suka shirya gwagwarmayarsu.

Ya kamata mai karatu ya lura da tsawon jiran da ta yi. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa an hana su. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da haƙƙin ga kowa. Ke nan matar da ta fara wannan kira tana budurwar shekara 17 sai da ta haura 40 kafin ita kanta ta sami damar tsayawa a layin zaɓe. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba. Ba ta yi gwamna ba, ba ta yi minista ba, gidanta na Sabon Garin Zariya kuma ya zama masaukin marayu da marasa lafiya da waɗanda ba su da inda za su dosa, har ta rasu a watan Oktoba na 2001.

Duk macen Arewa da ta taɓa dangwala yatsa a takardar ƙuri'a tana cin moriyar wahalar da wannan mata da ƙawayenta suka sha. Wannan labari gaba ɗaya zai shiga shafi guda, kuma da an rubuta shi da Hausa an manna a zauren jiran duk wani gini da ke ɗauke da sunanta, da masu zaman jira sun karanta shi kafin layi ya zo kansu.

Gambo Sawaba ma ta yi sa'a, tunda aƙalla sunan ya tsira. Mutum takwas ne suka zauna a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950 suka kafa NEPU, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya shigo daga baya, ya zama shugaba a 1953, kuma yau sunansa yana kan filin jirgin sama da asibitin koyarwa da kwaleji, abin da babu mai hankalin da zai yi jayayya da cancantarsa. To amma NEPU ba a Kano kaɗai ta rayu ba. A kowane gari akwai tela ko mahauci ko ɗan koli ko malamin zaure da ya riƙe reshen jam'iyya, aka ƙwace masa rumfa a kasuwa, aka ɗaure shi bisa laifin yin taro ba da izini ba, ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya. A ɓangaren NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin, ma akwai waɗanda suka bi ƙauye-ƙauye suna lallashin iyaye su ba da 'ya'yansu makaranta, suna shan zagi. Yawancin waɗannan mutane sun tafi da labarinsu, jikokinsu ma ba su san abin da suka yi ba.

"Ai an biya su"

Hujja ta farko da ake kawo mini ita ce siyasa sana'a ce kamar kowace, kuma wanda ya ci albashi da alawus da kwangila ya riga ya karɓi ladansa, don haka babu dalilin da za a sake tara mutane a yi masa godiya. Mai wannan magana yana kallon sanata ne ko gwamna, kuma a kansu yana da gaskiya mai yawa.

Sai dai siyasar ƙasar Hausa ba a Abuja take kwana ba. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san irin mutumin da nake nufi: tsohon kansila, ko shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko shugabar mata, wanda da asuba kafin ya dawo daga masallaci mutane sun riga sun zauna a dakalin ƙofar gidansa. Wannan an kama ɗansa yana neman wanda zai tsaya masa beli, wancan matarsa tana asibiti an rubuta magani, wata kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma take nema don 'yarta ta sami gurbin karatu. Idan taransifoma ta ƙone shi za a tura ofishin wuta, idan kwalbati ta karye shi zai yi ta sintiri a sakatariya, idan makiyayi da manomi sun yi rigima shi da mai unguwa za su kwana suna sasanci. Mai yiwuwa sau ɗaya ya taɓa riƙe muƙami, na shekara biyu ko uku, amma jama'a ba su taɓa sauke shi daga aikin ba. Albashin wancan ɗan lokaci bai biya wannan ba, kuma addininmu ya koya mana cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Akwai kuma amfanin da godiyar take da shi ga mu masu rai. Matashin da ke shiga siyasa yau yana kallon abin da ya faru da na gabansa. Idan ya ga wanda ya wawuri dukiyar jama'a shi ake naɗa wa sarauta, maroƙa suna wasa shi, wanda ya riƙe amana kuma ya tsufa a gidan haya ana yi masa kallon wawa, ba ya bukatar wani ya fassara masa darasin.

Amma a nan dole in yarda da rabin hujjar masu ja, domin daɗewa a siyasa daban, hidima daban. Akwai dattijon da za a ce ya shekara 40 yana yi wa al'umma aiki, idan ka bi sawunsa sai ka tarar ya yi NPN, ya yi NRC ko SDP, ya shiga ɗaya daga cikin jam'iyyu biyar na zamanin Abacha, ya yi PDP lokacin tana ganiyarta, ya koma APC da ta karɓi mulki, kuma abu ɗaya da bai taɓa canzawa ba a duk tsawon shekarun shi ne kusancinsa da gidan gwamnati. Sauya sheƙa a kan kansa ba laifi ba ne, Gambo Sawaba ma ba a jam'iyya ɗaya ta ƙare ba. Tambayar ita ce me ya bari. A nuna mana makarantar da ya yi tsayin daka aka gina, ko filin maƙabartar da ya hana a yanka a sayar, ko yaran talakawan da ya tura karatu, ko ranar da ya ce a'a alhali cewa e ta fi masa riba. Idan an rasa ko ɗaya, to furfura ce kawai, a girmama shi saboda ita kamar yadda ake girmama kowane tsoho, amma kada a kira abin hidima.

"A bari sai ya mutu"

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Masu ita suna cewa ɗan Adam ba a shaidarsa sai ya kwanta dama, domin wanda ka yaba yau yana iya ba ka kunya gobe, kuma yabon mai rai shi ne ƙofar fadanci da bambaɗanci. Suna tuna mana da hadisin da ya yi umarni a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo.

Ina ganin sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Haɗarin ba a numfashin mutum yake ba, a ikonsa yake. Wanda ke kan kujera, yana da kwangilar da zai bayar da muƙamin da zai raba, duk yabon da aka yi masa ciniki ne, ko da mai yabon ya yi da zuciya ɗaya. Shi ya sa nake ganin abin kunya ne gwamna ya gina gada da kuɗin jama'a ya sanya mata sunansa ko na ubangidansa na siyasa, kuma shi ya sa lambobin yabon da ƙungiyoyin da ba a san asalinsu ba suke kai wa ciyamomi a ofis ba su da daraja a idon kowa, har shi mai karɓar. Shugabannin jami'o'in Najeriya ma sun ga wannan, suka yi matsaya a Keffi a 2012 cewa a daina ba masu riƙe da muƙami digirin girmamawa. Ko an bi matsayar ko ba a bi ba wata magana ce, amma dalilinta daidai ne.

Tsohon kansila mai shekara 75 da ke zaune a kan tabarma a ƙofar gida kuwa ba shi da abin da zai saka wa kowa da shi. Yabonsa ba zai kawo kwangila ba. A wannan lokaci ne karramawa take da tsabta, kuma a lokacin ne take da amfani gare shi, domin yana iya jin ta da kunnensa, idan kuma yana fama da ciwo ko bashin haya ana iya share masa hawaye. Abin da muka saba yi shi ne ihu bayan hari: mutum ya yi jinya shi kaɗai babu mai leƙo shi, ranar da ya cika sai jerin gwanon motoci su toshe layin, a yi alkawura a gaban 'yan jarida, bayan addu'ar bakwai kowa ya kama gabansa.

Mai rai kuma yana da wani haƙƙi da mamaci ba shi da shi, wato ya ce ba ya so. Lauyan nan Gani Fawehinmi ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta ƙasa ta OFR a 2008 saboda bai gamsu da yadda ake tafiyar da mulki ba. Mamaci ba ya iya yin haka. Kowa yana iya ɗaukar hotonsa ya buga a fasta kusa da nasa lokacin kamfe, kamar yadda ake yi da hoton Malam Aminu Kano da na Sardauna duk lokacin zaɓe, har da mutanen da rayuwarsu ta saɓa da duk abin da waɗannan bayin Allah suka tsaya a kai.

"Ba a tonon mamaci"

Idan na ce a gina karramawa a kan bincike, sai a ce mini al'adarmu da addininmu sun hana ambaton aibin wanda ya rasu. Gaskiya ne an hana zagin matattu, kuma wurin ta'aziyya ba wurin hisabi ba ne. Wanda ya je gaisuwa ya yi addu'a ya ba iyali haƙuri ya tashi. Amma ranar da aka zo sanya sunan mutum a kan dukiyar jama'a, an bar zancen ta'aziyya an shiga zancen shaida, domin ana gaya wa yara ne cewa ga wanda za su yi koyi da shi. Shaida kuwa ba a yin ta a kan abin da ba a tabbatar ba.

Faɗin cikakken labari ma ba ya rage wa mutumin kirki komai. Ɗauki Alhaji Balarabe Musa. An zaɓe shi gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 a ƙarƙashin PRP, majalisar dokokin jihar kuma tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan. Masoyansa suna cewa aƙida ce ta hana shi yin ciniki da majalisa, masu sukarsa suna cewa taurin kai ne ya hana jihar cin moriyarsa. Da ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 2020, kowa ya fito yana yabon gaskiyarsa, kuma yabon ya dace. Amma ɗalibin da aka ba shi yabon kaɗai, ba a ba shi labarin rigimar ba, bai koyi komai game da yadda ake mulki ba.

Haka rikicin santsi da taɓo da ya raba PRP gida biyu, ya sa Malam Aminu Kano a gefe guda, Abubakar Rimi da Balarabe Musa a ɗaya gefen, har Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo a 1983. Duk mutanen nan muna girmama su, kuma ba za a ce dukkansu suna da gaskiya a kan kowane batu ba. Soke haraji da jangali da Rimi da Balarabe suka yi yana nan a matsayinsa ko da an faɗi inda suka yi kuskure. Ni a ganina wanda aka wanke shi tas aka mayar da shi waliyyi an cuce shi, domin an fitar da shi daga sahun mutanen da za a iya kwaikwaya.

Wa zai zaɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni wahala, domin duk tsarin da aka kawo, wanda ke riƙe da gwamnati ne zai sa hannu, kuma ɗan siyasa ba ya son ɗaga abokin hamayyarsa ko da ya tsufa. Lambobin girmamawa na ƙasa, waɗanda dokar 1964 ta kafa, daga babbarsu GCFR har zuwa ƙaramarsu MON, a Abuja ake tantance su, kuma da wuya sunan wani shugaban mazaɓa daga ƙauye ya isa teburin idan ba shi da wanda zai ɗauka ya kai.

Ko niyya mai kyau ma tana lalacewa idan ba a yi shawara ba. Ranar 29 ga Mayu, 2012 Shugaba Jonathan ya sanar da sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola, ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka tafi kotu, daga ƙarshe maganar ta mutu. Ba cancantar Abiola aka yi jayayya a kai ba, tunda a 2018 an ba shi GCFR an kuma mayar da 12 ga Yuni, ranar zaɓensa na 1993 da aka soke, ranar dimokuraɗiyya. An yi fushi ne da yadda aka yanke hukunci daga sama ba a tambayi masu wurin ba.

Don haka nake ganin maganar ta sauko ƙasa, inda aka san mutum da halinsa. A bar majalisar kansiloli ta karɓi sunaye daga jama'a, a karanta sunan da ayyukan da ake jingina masa a bainar jama'a da kuma gidan rediyo, a ba da lokaci ga duk mai ƙorafi ya kawo, a sa dagaci da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata a cikin masu tantancewa, a kuma shardanta cewa sai wani daga jam'iyyar da mutumin ya yi hamayya da ita ya tsaya masa shaida. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Sojojin baka suna iya yabon kowa idan an biya kuɗin fili, amma mutumin da abokin hamayyarsa na shekara da shekaru zai miƙe ya ce, "Mun yi faɗa, amma bai taɓa cin amanar unguwar nan ba," to wannan an gama tantance shi. Na san a ƙauye ma akwai son kai da dangantaka, sai dai ƙarya tana da wuyar sayarwa a inda kowa ya san gidan da aka haife ka.

Maganar kuɗi

Za a ce ƙananan hukumomi ba su iya biyan albashi ba balle su ɗauki wani sabon nauyi. Ina jin wannan uzuri ne da mamaki a ƙasar da jihohi da dama suka yi dokokin fansho ga tsofaffin gwamnoni, da gidaje da motoci da ma'aikata. A Zamfara sai da wasiƙar wani tsohon gwamna ta fito fili a watan Nuwamba na 2019, yana neman a biya shi naira miliyan 10 da dokar ta tanadar masa duk wata, sannan majalisar jihar ta soke dokar. Kuɗin wata guda na irin wannan zai isa a yi wa tsofaffin 'yan siyasar ƙaramar hukuma guda rijistar inshorar lafiya, a kuma naɗi tarihinsu baki ɗaya. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Duk ranar da aka yi aiki da shi yadda ya kamata, uzurin zai ƙara rauni.

Muna da misalin karramawar da ta yi aiki, kuma ba daga wata ƙasa za a aro shi ba. Gidan Sardauna da ke titin Rabah a Kaduna an mayar da shi Arewa House a 1970, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma har yau masu bincike suna zuwa su zauna da takardun tarihin Arewa. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja ya zama Mambayya House a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ana taro, ana horar da mutane, ana tunawa da shi duk watan Afrilu, watan da ya rasu a 1983. Wanda ya shiga ɗaya daga cikin gidajen nan yakan fito da abin da bai sani ba a da. Ba kowane tsohon kansila ne za a mayar da gidansa cibiya ba, kuma ba a bukatar hakan. Ɗaki guda a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a ɗakin karatu na gari ya isa a ajiye hotuna da katunan jam'iyya da wasiƙu da muryoyin da aka naɗa.

Kayan aikin ma suna hannunmu. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana naɗar murya da hoto. Sassan tarihi da na kimiyyar siyasa da na Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai duk shekara, kowannensu kuma dole ya rubuta kundin kammalawa. Da za a ce kowane ɗalibi ya koma mazaɓarsu ya zauna da dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya da suka yi siyasa, ya tambaye su, ya kuma tambayi waɗanda suka yi hamayya da su, ya gwada abin da ya ji da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya tun 1939, da takardun da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cikin 'yan shekaru mun tara abin da babu gwamnatin da za ta iya gogewa da fenti. A taƙaita kowane labari zuwa shafi guda a ba malaman firamare na yankin, a kuma karanta shi a rediyo.

A wannan aiki ina roƙon a fara da mata, domin su ne aka fi mantawa. Shugabar matan mazaɓa ita ce mai bi gida-gida ta shiga inda namiji ba ya shiga, ita ce mai fito da mata ranar zaɓe su tsaya a rana, kuma da wuya ka ji an sanya wa ko da rijiyar burtsatse sunanta. Bayan su sai waɗanda shekaru suka ja. Wanda ya yi kansila a zaɓen 1976 yana da shekara 30, yanzu yana kan iyakar 80, waɗanda suka yi NEPU da NPC da ƙafarsu kuwa 'yan ƙalilan ne suka rage, don haka jerin sunayen da za a ba ɗalibai ya kamata a tsara shi bisa shekaru, a fara da mafi tsufa.